Ga ƙanwata mai shirin tahowa karatu: abin da ya kamata ki iya da R kafin ki iso

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso, Allah ya sanya albarka a gurbin digiri na biyu da kika samu a fannin lafiyar al'umma a Ingila. Kin ce a tsarin karatun an rubuta cewa da R za a yi nazarin bayanai, ke kuma iyakarki Excel da ɗan SPSS ɗin da kika taɓa a aikin kammala digirin farko, ga shi saura wata huɗu ki taho. Kina son sanin ko da R za ki fara ko da Python, da kuma abin da ya kamata a ce kin iya kafin a shiga aji.

Ki fara da R, tunda shi sashenku ya ambata, ki ajiye Python sai wani lokaci. Koyon biyun a tare cikin wata huɗu zai cakuɗa miki su ne kawai. R don ƙididdiga aka ƙirƙire shi tun asali: Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara shi a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand a farkon shekarun 1990, bisa tsarin wani yaren da ake kira S, kuma sigarsa ta 1.0.0 ta fito a shekarar 2000. Kyauta ne. Ki sauke R daga rumbunsa na CRAN tukuna, sannan ki sauke RStudio, wanda shi ne tagar da za ki riƙa aiki a ciki. Kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 8 ta isa ayyukan aji, amma 16 ta fi kwanciyar hankali, domin R yakan ɗora bayanan gaba ɗaya a ƙwaƙwalwa ne yayin aiki.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, ba gwaje-gwajen ƙididdiga ne za su wahalar da ke ba. Waɗannan malamai za su koyar da su, kuma yawancinsu umarnin layi ɗaya ne. Digiri na biyu a Ingila galibi shekara ɗaya ne, ana gudu, kuma abin da ke cinye wa ɗalibi lokaci shi ne shigo da bayanai masu datti, gyara su, da iya maimaita aikin bayan wata uku a samu amsa iri ɗaya. A nan za ki zuba watanninki huɗu.

Tun ranar farko ki gyara abu biyu. Na ɗaya, kowane aiki ki buɗe masa aikinsa na RStudio, wato Project, a folda guda, ki raba ta uku: bayanan asali, rubutun umarni, da sakamako. Fayil ɗin asali ba a taɓa shi da hannu, ko da harafi ɗaya ne ya karkace. Duk gyara a cikin rubutun umarni ake yin sa, don a ga abin da aka canza. Na biyu, ki shiga saitunan RStudio ki kashe adana .RData da dawo da shi idan an buɗe. In kika bar shi, abubuwan da kika ƙirƙira jiya za su zauna a ɓoye, rubutunki ya yi ta aiki a kwamfutarki, ya ƙi aiki a ta mai duba aikinki. Ki saba da sake kunna R ki gudanar da rubutun daga sama har ƙasa kafin ki tashi.

Kada ki ɗauka barin Excel ƙyale-ƙyale ne. A watan Oktoban 2020 hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta sanar cewa sakamakon gwajin korona 15,841 bai shiga ƙidaya a kan lokaci ba, saboda tsohon tsarin fayil na XLS ba ya ɗaukar sahu fiye da 65,536, abin da ya haura sai ya zube ba tare da an lura ba. Masana ƙwayoyin gado ma sai da suka sauya sunayen wasu a 2020, irin su SEPT1 da ya koma SEPTIN1, domin Excel na mayar da su kwanan wata. Da rubutun umarni kina iya ƙirga sahu a kowane mataki ki kama irin wannan.

Ki ɗora ƙunshin tidyverse da install.packages("tidyverse"), sau ɗaya ake yi, sannan a saman kowane rubutu ki sa library(tidyverse). A ciki akwai readr na shigo da fayil, dplyr na sarrafa jadawali, da ggplot2 na zane. Da zarar kin shigo da fayil da read_csv(), kafin komai ki kira glimpse() da summary(), ki karanta abin da suka fitar a natse. Tambayar ita ce: kowane ginshiƙi R ya ɗauke shi a matsayin abin da yake? Idan ginshiƙin shekaru ya fito a matsayin rubutu, to akwai wanda ya shigar da "45 yrs" ko "ba a sani ba" a wani sahu. Ki nemo shi da count().

Ga inda aiki ke lalacewa ba tare da ko saƙon kuskure ba.

Gurbin da babu amsa R na nuna shi da NA. In kika kira mean(nauyi) akwai NA ko ɗaya, amsar NA ce, sai kin ƙara na.rm = TRUE. Wannan mai sauƙi ne domin ya nuna kansa. Mai haɗarin shi ne binciken da aka shigar da rashin amsa da lamba, kamar 99 ko 999 ko -99. R zai lissafa su a matsayin shekaru ko nauyi na gaske, matsakaici ya tashi. Ki karanta takardar bayanin ginshiƙai da ke zuwa tare da bayanan, sannan ki faɗa wa R tun wurin shigowa: read_csv("fayil.csv", na = c("", "NA", "-99")). Ki kula, in 99 na nufin rashin amsa a wani ginshiƙi amma shekarun tsoho ne na gaske a wani, to ginshiƙi-ginshiƙi za ki gyara da na_if(). Haka nan lm() da glm(), umarnin lissafin alaƙa tsakanin ginshiƙai, sukan jefar da duk sahun da ke da NA a ginshiƙan da kika saka, su ci gaba abinsu. Kina iya farawa da mutum 2,000 ki ƙare da 1,200. Ki duba nobs() bayan kowane lissafi, ki rubuta adadin a rahotonki, domin mai maki zai tambaya.

Sai rukunoni, abin da R ke kira factor. In lambobi 20, 35, 50 suka shigo a matsayin factor kika kira as.numeric() a kansu, abin da za ki samu 1, 2, 3 ne, wato lambar matsayinsu. Daidai shi ne as.numeric(as.character(x)). Akasin haka ma na faruwa: yankuna da aka yi wa lamba 1 zuwa 6, in ba ki mayar da su factor ba, lissafi zai ɗauka yanki na 6 ya ninka na 3 sau biyu. Kuma R na jera rukunoni bisa haruffa, na farko ya zama wanda ake auna sauran da shi; ki zaɓi naki da relevel().

Kwanan wata kuwa, 03/04/2024 a Ingila 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris. Ƙunshin lubridate na da dmy() da mdy(), ke za ki tabbatar wanne ne. Ki nemi sahun da lambar farko ta wuce 12 ya raba gardama. Fayil daga Jamus ko Faransa sau da yawa waƙafi ne alamar ɗigon lamba, sai ki yi amfani da read_csv2(). Sunayen ginshiƙai ki bar su ƙananan haruffa, babu tazara, babu ƙ da ɗ da ɓ. Waɗannan ki ajiye su ga rubutun da zai fito a jikin zane, ki kuma adana fayilolinki a UTF-8, tsarin adana haruffa da ke ɗaukar irin su ƙ.

Wanda na fi jin tsoro a madadinki shi ne haɗa jadawali biyu. In kika yi left_join() da lambar majiyyaci, alhali lambar ta maimaitu a jadawali na biyu saboda mutum ya zo asibiti sau uku, sahunsa zai zama uku, kuma duk lissafin da ya biyo baya ya ƙirga shi sau uku. Ki kira nrow() kafin haɗawa da bayanta. Ki kira anti_join() ki ga waɗanda ba su sami abokin haɗi ba. Sau da yawa za ki tarar sifirin farko ne ya faɗi, 00123 ta koma 123, domin an karanta lambar shaida a matsayin adadi.

Daga dplyr aikatau shida sun ishe ki fara aiki: filter, select, mutate, arrange, group_by da summarise, ana sarƙa su da alamar |> wadda ta shigo R a sigar 4.1.0 a 2021. A tsofaffin darussa za ki ga %>%, kusan aikinsu ɗaya. Ki ƙara pivot_longer(), saboda ggplot2 ya fi son jadawalin da kowane awo ke da sahunsa.

Yanzu zane. Ki zana bayananki kafin ki lissafa komai a kansu, kuma akwai darasi a cikin R ɗin kansa da zai nuna miki dalili. Ki rubuta anscombe. Rukunin bayanai huɗu ne da Francis Anscombe ya tsara a 1973, kowanne ɗigo 11. Dukkansu matsakaicin x 9 ne, na y kusan 7.5, alaƙarsu kusan 0.816, layin lissafinsu y = 3 + 0.5x. Ki zana su huɗun. Na farko ne kawai ya dace da miƙaƙƙen layi. Na biyu lanƙwasa ne, na uku ɗigo ɗaya ne ya janye layin, na huɗu kuwa ɗigo goma na tsaye wuri guda, ɗaya can nesa shi ya ƙirƙiro alaƙar. Daga nan ki ɗauki UCBAdmissions, bayanan masu neman gurbi 4,526 a manyan sassa shida na Jami'ar Berkeley a 1973. A jimlace an ɗauki kusan kashi 45 cikin ɗari na maza, mata kusan 30. In kika raba sashe-sashe, a huɗu daga cikin shida kason matan da aka ɗauka ya fi na maza. Mata sun fi neman sassan da ke da wuyar shiga ne. A fanninki wannan shi ne gurbin da shekaru ko jinsi ko yanki ke ɓoyewa a bayan jimla, kuma facet_wrap(), mai raba zane rukuni-rukuni, shi ne zai tona miki shi.

Tsarin ggplot2, wanda Hadley Wickham ya rubuta, hawa-hawa ne: bayanai, sai aes() inda ake cewa wane ginshiƙi ne x, wane ne y, wane ne launi, sai siffar zanen kamar geom_point() ko geom_boxplot(). Alamar + a ƙarshen layi take zama, in kika kai ta farkon layi na gaba umarnin ya yanke. In kina son ɗigo shuɗi, colour = "blue" a wajen aes() ake sa shi; a ciki R zai ɗauke shi sunan rukuni, ya ba ki launi ja-ja. geom_histogram() na raba bayanai gida 30 in ba ki ce komai ba, don haka ki gwada binwidth biyu ko uku, domin siffar na canzawa. Sannan ki bambance ylim() da coord_cartesian(): na farko yana zubar da ɗigon da suka fita iyaka kafin lissafi, har akwatin zanen da layin su canza, na biyu matso da kallo kawai yake yi. Duk gargaɗin da ya ce an cire wasu sahu, ki tsaya ki gano su waye.

Zanen sanduna daga sifiri yake farawa, in ba haka ba ƙaramin bambanci zai zama dutse. Kada ki dogara da ja da kore su raba rukuni, akwai masu karatu da yawa, musamman maza, da ba sa bambance su. Umarnin scale_colour_viridis_d() ya magance wannan. Kowane gefe ki rubuta masa suna da ma'auni da labs(), kilogiram ne ko shekaru. Ki fitar da zane da ggsave(), ki ba shi faɗi da tsawo da dpi = 300, kada ki ɗauki hoton fuskar kwamfuta ki liƙa.

Ga yadda zan raba miki lokacin: wata na farko shigo da fayil da dplyr, na biyu ggplot2, na uku t.test(), chisq.test(), lm() da glm() mai family = binomial. Ki san t.test() a R ba ya ɗaukar cewa bazuwar rukunonin biyu daidai take, gwajin Welch yake yi, don haka amsarsa kan ɗan bambanta da layin farko na SPSS. Sakamakon glm() ɗin kuma sai kin sa masa exp() kafin ki karanta shi a matsayin ninkin yiwuwa, wato odds ratio. Wata na huɗu ki haɗa rahoto guda da Quarto, inda rubutu da umarni da zane ke fayil ɗaya, in bayanai sun canza ki danna sau ɗaya komai ya sabunta. Awa ɗaya kullum da hannunki a kan madannai ya fi kallon bidiyo na yini guda. Duk inda akwai zaɓen sa'a ki sa set.seed() a sama, a ƙarshen rahoto kuma sessionInfo(), mai nuna sigar R da ƙunshin da kika yi aiki da su.

Abu biyu da suka shafi doka a nan. Bayanan marasa lafiya suna ƙarƙashin dokar kare bayanai mai tsauri, don haka kada ki ɗora su a GitHub, shafin ajiye rubutun umarni a intanet, kada ki liƙa su a manhajar ƙirƙirarriyar basira ko wurin neman taimako a intanet. Ki ƙirƙiri sahu biyar na bogi masu siffa iri ɗaya, ki nuna su tare da cikakken saƙon kuskuren. Kuma rubutun umarni ma ana ɗaukarsa aikin ɗalibi kamar maƙala: kwafar na abokiyar karatu satar aiki ce, kuma kowane darasi na da ƙa'idarsa kan taimakon na'ura, ki karanta ta a makon farko.

In kin gama zanen anscombe ɗin nan huɗu, ki turo min rubutun umarnin, ba hoton ba, in gudanar da shi a tawa kwamfutar mu ga ko zai tashi. Ki gaida su Mama.

Yayarki.