Amsa ga ɗana kan man da ake zuba wa ƙarfe a injin tur

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji daɗin tambayar. Ka ce maigidanka ya hana ka ɗiga mai idan kana fiƙe ƙarfen zubi a tur, injin nan da ke juya ƙarfe wuƙa tana cinsa, amma in alminiyom ne sai ya aike ka sayen kananzir, kana son sanin ko al'adar tsofaffin masu tur ce kawai ko akwai dalili.

Akwai dalili, ni kuwa da hannuna na koye shi. Ina yaro a wani shago kusa da babbar kasuwar Maradi, aka kawo gangar birkin babbar mota. Na ga wuƙa na cin ƙarfe a bushe, tausayi ya kama ni, na kwarara mata mai. Ƙarfen zubi ba ya fid da ɓawo mai nannaɗewa, gari yake zubarwa baƙi ƙirin, kuma a cikinsa akwai irin baƙin nan na bakin fensir, shi ke sa santsi. Da garin ya haɗu da mai sai ya zama kwaɓi, ya shige ƙarƙashin keken da ke ɗauke da wuƙa, yana goge gadon injin kamar dutsen wasa wuƙa. Maigidana bai ɗaga murya ba. Tsumma ya miƙo mini, na wuni ina sharewa, shi kuma yana shafa gadon da yatsa, ransa a ɓace. Har yau ina jin nauyin wannan shirun.

Alminiyom kuwa laushi gare shi, yana liƙewa a bakin wuƙa, aiki ya fito da kaushi. Kananzir kaɗan a buroshi ke hana shi. Tagulla a bushe ake yi mata.

Baƙin ƙarfe na yau da kullum shi ne mai jin ƙishirwa. Dubi ɓawon da ke fita: in ya koma shuɗi, zafi ya kai wajen digiri 300, wuƙar da muke wasawa da kanmu tana wahala ke nan. Nan ake son man nan da ake gaurayawa da ruwa ya yi fari kamar nono, mudu 1 na mai cikin mudu 20 na ruwa. Ruwan za ka fara zubawa, sannan mai a kansa. Da zafin bazara irin namu yana saurin yin ɗoyi, kada ka bar shi ya daɗe, kuma ka goge injin ka shafa masa mai kafin ka rufe shago, don tsatsa.

Wajen yanka zaren bulon, ƙusar nan da ake ɗaura wa noti, mai kauri ake so, ba sanyi ba. Mu da man gyaɗa muka tashi, Maradi ai ƙasar gyaɗa ce, kuma yana fid da zare sumul. Aibinsa danƙo in ya kwana.

Abu guda nake roƙonka: baƙin man da aka juye daga mota, kada ka taɓa shi ko da kyauta ne. Cike yake da garin ƙarfe da dattin ƙonewa, hayaƙinsa a ƙirjinka zai sauka, kuma na ga hannayen da ya ɓata da ƙuraje.

Ka gaida maigidanka, ka ce ina gode masa da riƙon da yake yi maka. In ka zo hutun salla, taho da wuƙa ɗaya da ka wasa da kanka in gani.