Fatawa: Malam, ya halatta in shiga bizines ɗin netwok daga gida?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Dan Allah ni matar aure ce a nan Unguwar Rogo ta Jos, wata ƙawata ce da muke islamiyya tare ta kawo min wani bizines wai netwok maketin, kamfanin suna saida shayin rage tumbi da man shafawa da ƙwayoyin ƙarin lafiya. Tace sai nayi rajista da fakej na dubu 85 a bani kaya, sannan in kawo mutum biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama suma su sayi fakej, duk wanda suka kawo ina da bonas har ƙasa, kuma duk wata sai na sake sayen kaya in ba haka ba foyin ɗina, wato makin da na tara, ya zube. Ta nuna min alat a wayarta, tace ai wannan ba irin MMM bane tunda akwai kaya, dillanci ne kawai kuma ina ɗakina zan yi da waya. Kuɗin adashe na zan kwasa ƙarshen wata, maigida yace sai na tambayi malamai tukun. Malam ya halatta?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya miki albarka 'yar'uwa, ke da maigidan, da kuka tsaya tambaya tun kuɗin basu fita ba.

Yadda kika siffanta tsarin nan, kar ki shiga, bai halatta ba. Amma bari in faɗa miki dalili dalla-dalla dan ki iya yiwa ƙawarki bayani, saboda inaga ita ma ba da mugun nufi ta kawo miki ba, itama kawo ta aka yi.

Neman kuɗi daga cikin gida kam babu laifi ko kaɗan, abin yabo ne ma. Nana Khadija 'yar kasuwa ce da ke tura dukiyarta fatauci, Nana Zainab bint Jahsh tana jima da hannunta tana sadaka da abinda ta samu. Asali a ciniki halal ne, Allah yace a Baƙara aya ta 275 ya halatta ciniki ya haramta riba, wato kuɗin ruwa. Dillanci ma halal ne, Imam Bukhari ya kawo a babin ladan dillanci cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan basu ga laifinsa ba, kuma Ibn Abbas yace ba komai mutum yace saida min rigar nan, abinda ya hau kan kaza naka ne. Toh har nan ƙawarki tana da gaskiya. Inda maganar ta rabu shine, wannan abin da ta kawo miki dillancin ne kuwa?

Ki leƙa kasuwar gwari ta Farin Gada da sassafe. Manomi ya sauke kwandunan tumatir ko buhunan kabeji, dillali ya nemo mai saye, aka daidaita, aka bashi la'adarsa. Dillalin nan bai biya manomi ko sisi ba dan a bashi izinin yin dillanci, ba a ce sai ya fara sayen kwando biyu ba, kuma wanda ya nemo ɗin mai son tumatir ne, zai kai shi Abuja ko Fatakwal a ci. Ke kuwa sai kin fara biyan dubu 85 kafin a yarda ki nemo mutum, kuma wanda zaki nemo ba mai neman shayi bane, mai neman bonas ne irinki, shima ya nemo wani mai neman bonas. Kinga kayan ba sune ake nufi ba. Ki tambayi kanki tsakani da Allah, da ace babu maganar hagu da dama, kina wucewa ta kasuwar Terminus kika ga shayin nan a wannan farashin, zaki ciro dubu 85 ki saya? In amsar a'a ce toh ba shayi kika saya ba, kujera kika saya a layin karɓar kuɗi, shayin an ɗora shi ne a kai dan abin yayi kama da ciniki.

Daga nan illolin suke fitowa. Kin bada kuɗi yanzu kina fatan kuɗin da suka fi su nan gaba, wannan shine kamshin riba da malamai suka ji a ciki, kuma an ruwaito daga Ibn Abbas da aka tambaye shi kan irin cinikin da ake sa kaya a tsakiya dan dabara, yace dirhami ne da dirhami aka sa ƙyallen alharini a tsakaninsu. Sannan abinda kika biya tabbas ne ya fita, abinda zaki samu kuwa baki sani ba, ya danganta da ko mutanen ƙasanki zasu samu nasu mutanen, wannan shine garari, kuma hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya nuna Annabi (SAW) ya hana cinikin garari. Wasu suna cewa ai ji'ala ce, wato wanda yayi aiki kaza yana da lada kaza, kamar a Suratu Yusuf aya ta 72. Amma a ji'ala mai aiki ƙarfinsa yake sawa, in bai dace ba wahalarsa ce ta tafi, ba aljihunsa ba, kuma malamanmu sun sharɗanta ladan ya zama sananne tun farko. Wanda zai sa kuɗi ko dai ya ci ko a cinye shi, wannan ya fi kusa da caca.

Abinda ya fi damuna ni kam shine lissafin, dan shi baya ƙarya kuma ba a faɗarsa a semina. Tsarin hagu da dama, 2 su kawo 4, 4 su kawo 8, haka haka, duk lokacin da kika tsayar da shi kika ƙirga zaki tarar kusan rabin mutanen gaba ɗaya suna layin ƙarshe, sun biya basu da kowa a ƙasansu, layin da ke samansu kuma basu ma maida uwar kuɗinsu ba. In tsarin na mutum biyar-biyar ne, a hawa na 12 kaɗai ana buƙatar mutum sama da miliyan 244, wato Najeriya kaf ɗinta har jarirai. Toh dole wata rana mutane su ƙare, kuma a unguwa tun kafin a je ko'ina suke ƙarewa, dan matan islamiyyarku nawa ne, dangin mijinki nawa ne. Ma'ana alat ɗin da kika gani a wayar ƙawarki gaskiya ne ya shigo, amma daga fakej ɗin wasu mata aka yanko shi, kuma tsarin ba zai taɓa biyan na sama ba sai na ƙasa sun yi asara. Allah yace a Nisa'i aya ta 29 kada ku ci dukiyoyinku a tsakaninku da ɓarna sai dai ya zama kasuwanci ne bisa yardar juna. Kar a ce ai sun yarda da kansu suka biya, yardar da aka gina kan hoton mota da tafiya Dubai, aka ɓoye wa mutum cewa mafi yawan masu shiga basa maida kuɗinsu, ba ita ce yardar da ayar take nufi ba.

Kuma ki duba su waye zasu zauna a hagunki da damanki. Ba baƙi bane, ƙanwarki ce, matar wan mijinki ce, maƙociyar da kuke aron turmi ce, wadda zata saida 'yan kunnenta ko ta ci bashi saboda ta yarda dake. Ana kawo mana irin wannan ƙarar, kwalaye jibge a ƙarƙashin gado kwanan watan lalacewarsu ya kusa, mace ta rasa mai saye sai ta koma shan shayin da kanta dan kar yayi asara, ga gaba ta shiga tsakaninta da wadda ta shigar da ita har ba a gaisawa a gidan suna. Zumuncin da aka ɓata a kan dubu 85 wallahi ya fi dubu 85 ɗin tsada nesa ba kusa ba.

Ba ni na fara faɗar wannan ba. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya fitar da fatawa mai lamba 22935 a shekarar 1425 bayan hijira, wato 2004, kan kamfanoni irin su Biznas, suka ce haramun ne, suka kafa hujja da riba da garari da cin dukiyar mutane da ɓarna da yaudara, kuma suka amsa maganar dillancin da kusan abinda na faɗa miki. Gaskiya ne akwai malaman da suka sassauta, amma in kika karanta maganarsu da sharuɗɗa suka sassauta, kayan su zama ana buƙatarsu da gaske, farashinsu ya zama na kasuwa, kar a tilasta saye kafin a shiga, ladan ya fito daga cinikin da aka yi da masu amfani da kaya. Tsarin da kika faɗa min ya faɗi a kusan dukkansu.

Ko a Amurka inda abin ya samo asali haka hukuma take aunawa. A 1979 hukumar kula da kasuwanci ta can ta bar kamfanin Amway ya ci gaba ne saboda yana da dokar karɓar kayan da suka kasa saiduwa ya maida kuɗi, da dokar sai mutum ya saida kashi 70 na kayan hannunsa, da dokar saidawa kwastomomi goma a wata. A 2016 kuma kamfanin Herbalife ya biya dala miliyan 200 a sasantawa da wannan hukumar, aka tilasta masa ya ɗaure ladan mutane da cinikin gaske. Kinga su da ba ruwansu da fiƙihu ma tambayarsu ɗaya ce, kuɗin daga ina suke fitowa, daga mai shan shayi ko daga sabon shiga.

Maganarta cewa ba MMM bane, eh akwai bambanci, MMM da ta rufe asusun mutane a Disambar 2016 da CBEX da ta rushe a Afrilun 2025 babu kaya ko ɗaya a cikinsu, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta sa ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 10 ga masu kafa irinsu. Amma samun kaya kaɗai baya wanke tsari in dai abinda ke riƙe da shi sababbin shiga ne. Takardar rajistar kamfani ma da suke nunawa shaida ce ta cewa kamfanin yana da suna a gwamnati, ba fatawa bace.

Akwai wani zunubin daban da mata da yawa suke faɗawa ba su sani ba, shine tallan. Za a turo miki rubutu a guruf a ce ki sa a istetus, wai ƙwayar nan tana maganin suga da hawan jini da rashin haihuwa, ki sa hoton alat ɗin da ba naki ba, kice kin gwada alhali baki gwada ba. Lambar NAFDAC a jikin kwalba ba ita ce shaidar cewa abu yana warkar da suga ba. In wata baiwar Allah ta ajiye maganin asibiti saboda maganarki wani abu ya same ta, kina da kamasho a alhakin. Annabi (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, yace me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda yayi algus baya tare dani. Danshin wannan bizines ɗin shine yawan waɗanda suka yi asara, kuma ba zaki iya shigar da kowa ba in kika sa shi a sama.

Toh yanzu me zaki yi. In da gaske kayan suna da kyau kuma akwai masu nemansu, ki tambayi kamfanin ko zasu saida miki a farashin sari ba tare da fakej ba, ba tilascin saye duk wata, ki saida ki ɗora ribarki, wannan halal ne tsaf ko da kamfanin yana da wancan tsarin a gefe, in dai ke baki shigar da kowa ba kuma baki yi ƙarya a talla ba. Haka in zasu baki la'ada sananniya kan duk kwalin da kika saida wa mai amfani da shi, shima babu komai. In suka ce a'a dole sai ta hanyar rajista da ƙafa biyu, wato hagu da dama, kin samu amsarki daga bakinsu. Dubu 85 kuma ba ƙaramin jari bane ga mai zaman gida a Jos, akwai masu saro dankalin turawa da kayan miya suna turawa 'yan'uwa a Abuja, akwai masu turaren wuta da humra, da masu atamfa da hijabai, duk da wayar nan ɗaya suke tallansu, ki zauna da maigida ku duba wanda kika iya kuma unguwarku ke buƙata.

Ita kuma ƙawarki ki faɗa mata da taushi, kar ki kunyata ta a islamiyya. Abinda ke kanta shine ta daina shigar da mutane daga yau, ta tuba, kayan da ke hannunta ta saida su a kan gaskiyarsu ko ta nemi kamfanin ya karɓa. Ribar da ta samu ta saida kaya tata ce. Bonas ɗin da ya shigo mata ta dalilin shigar mutane kuwa, ta cire uwar kuɗinta, ragowar ta maida wa waɗanda ta shigar suka yi asara tunda ta san su kuma daga aljihunsu ya fito, wanda bata san mai shi ba ta bayar ga mabuƙata. In babu kuɗin a hannunta yanzu ta je ta same su ta faɗa musu gaskiya ta nemi yafiya, ta riƙa biya a hankali gwargwadon ikonta.

Wallahu a'alam.