Yammaci ɗaya a Basalona, ina za a nufa?

Malam, ka ce taron kwana uku zai kai ka Basalona, a zauren Fira Gran Via, kuma yammacin ranar ƙarshe kaɗai gare ka. Kana tambayar ina da ina ya kamata ka leƙa. Ni ma aiki ne ya taɓa kai ni can, shawarata ita ce kada ka yi jerin wurare. Ka ɗauki hanya ɗaya ka bi ta da ƙafa har bakin teku.

Fira ba cikin gari yake ba, yana garin L'Hospitalet ne da ke maƙwabtaka da shi. Daga tashar Europa-Fira ka hau jirgin ƙasa zuwa Plaça Espanya, ka canza zuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa, layin L3 ko L1, ka sauka a Plaça de Catalunya. Nan titin La Rambla ya fara, tsawonsa kilomita ɗaya da 'yan kai, yana gangarawa har tashar jiragen ruwa. Kana gangarawa, a hannunka na dama za ka ga kasuwar Boqueria. Shiga ko da ba za ka sayi komai ba. Kifi ne jere a kan ƙanƙara, wasu jatan lande suna motsi, ga kofunan ruwan mangwaro da na kankana an jera su launi-launi. Waɗancan cinyoyin da za ka ga an rataye a sama kuwa naman alade ne, kuma suna saka shi har a abincin da ba ka zata ba, don haka ka riƙa tambaya. Ranar Lahadi kasuwar a rufe take.

Bayan kasuwar unguwar Raval ce, cike da 'yan Pakistan da 'yan Maroko. Can za ka samu shinkafa da naman halal a farashi mai sauƙi, da ƙananan masallatai a ƙasan benaye, sai ka kula sosai kafin ka gane ƙofar. Ka ci abinci a can, ka rabu da gidajen abincin kan Rambla masu hoton faranti a bakin ƙofa, tsada ce kawai ba daɗi. Kuma mutanen garin ba sa cin abincin dare sai wajen ƙarfe 9. In lokacin bazararsu ne, rana ma ba ta faɗuwa sai bayan 9, ka ga yammacin naka ya yi tsawo. Tunda matafiyi ne kai, haɗa Azahar da La'asar kafin ka fito.

Batun 'yan sane ba ƙari a ciki. Wayarka da fasfo su zauna a aljihun gaba, jaka a ƙirji, kamar dai ka shiga Kantin Kwari ana jajibirin salla. Kada ka ajiye waya a kan tebur, wani zai zo da takarda yana maka tambaya, ya ɗora ta a kai ya tafi da duka biyun.

A ƙarshen titin akwai hasumiyar Kolumbus mai tsayin mita 60, wadda aka gina a 1888. Daga nan ka bi gefen ruwa zuwa Barceloneta, unguwar bakin teku inda ake wanka. Kafin wasannin Olamfik na 1992 yawancin gaɓar nan masana'antu ne da layin dogo, gyaran lokacin ne ya buɗe ta. Sai dai ka sani shigar masu wanka a can ba irin wadda idonmu ya saba ba ce. Ni a bakin tashar na zauna ina kallon kwale-kwale, muna hira da 'yan Senegal masu baza kaya a ƙasa.

Sagrada Família fa? Coci ce da aka fara ginawa a 1882, mai zanen gine-gine Antoni Gaudí ya karɓi aikin a 1883, ya rasu a 1926 bayan taragon cikin gari ya buge shi, ginin kuma ya haura shekara 140 ana yi. Ta cancanci gani, amma tikiti ta intanet ake saya, da lokacin shigarka a rubuce, kuma yana ƙarewa da wuri. In ba ka samu ba, kallon waje na minti 20 ya ishe ka. Filin ƙwallo na Camp Nou kuwa, in ba ɗan Barça na gani-kashe-ni ba ne kai, bar shi, zai cinye maka yammacin duka.

Ranar komawa, motar Aerobús tana tashi daga Plaça de Catalunya zuwa filin jirgi cikin kamar minti 35. Filin yana da ɓangare biyu, ka duba ko T1 ne naka ko T2, motocinsu daban ne.