Tambaya da Amsa: Kyamarata ta hana ni sakat

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne a Pantami, cikin garin Gombe, da hoton biki nake riƙe iyalina. Kyamarata ta hannu ce, kuma tun shigowar hunturun bana take ba ni kunya. Ranar wani kamu amarya ta fito, ƙawaye sun jeru, ina dannawa sai ta rubuta Err 01. Na cire batir na mayar, ta ɗan yi aiki ta sake tsayawa. Wani satin Err 02 ta nuna, hotunan walima da yawa suka ƙi buɗewa, har gida uwar amarya ta biyo ni. Batirin LP-E8 ne, sabo na saya, amma ba ya kai ni la'asar. Abokan sana'a wasu na cewa in sayar, wasu na cewa baki ne. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Batun baki ka bar shi ga addu'a, mu duba ƙarfen. Da wannan batiri, taka ɗaya ce cikin Canon 550D, 600D, 650D ko 700D, kuma a ganina ba ta mutu ba. Abubuwan da kake jona mata ne suke cin amanarka.

Err 01 na nufin kyamara da lensi sun daina jin juna. Kwance lensin ka dubi bayansa, za ka ga wasu 'yan ƙarafa masu ruwan zinare a jere, akwai takwarorinsu a bakin kyamarar. Ƙurar hunturu da gumin hannu suna yi musu datti. Goge su a hankali da busasshen ƙyalle mai laushi, bakin kyamarar yana kallon ƙasa, kada ka sa yawu ko fetur kamar yadda na ga wasu na yi. Idan ta sake, ari lensin abokinka ka gwada. In nasa ya yi lafiya, to siririyar wayar da ke cikin naka ce ta tsage, musamman idan a wani zuƙowa kaɗai take tsayawa. Mai gyara zai canza ta, kuma kuɗin bai kama ƙafar na kyamara ba. Ka kuma daina canza lensi a tsakar gidan biki ana shara ana rawa.

Err 02 kuwa memori ne, kuma shi ya fi tayar min da hankali, domin ba a sake ɗaura aure don mai hoto. Jabun memori ya cika kasuwa, da tambari da kwali kamar na gaske. A jiki an rubuta 64GB, cikinsa ƙila 8GB ne, yana cika sai ya riƙa cinye hotuna kana ganin kamar komai lafiya. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta, H2testw, wadda ke cika memori ta karanta shi ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Gwada kowane sabo kafin ya je biki. Fomat kuma a cikin kyamara za ka yi, bayan ka kwashe aikin wuri biyu, kada memorin aiki ya shiga wayar kowa don a tura wa amarya hoto. Waɗanda suka ƙi buɗewa, in ba ka ɗora wasu a kai ba, ka ajiye memorin ka gwada manhajar PhotoRec, sau da yawa tana ceto wani abu.

Batiri, araha ba ta ado. Ka nemi na asali, ka daina jona caja a janaretan wurin biki mai hawa da sauka.

Abin da ban ji ka ambata ba shi ne shota, wato labulen cikin kyamara da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da ka danna. Na irin waɗannan kyamarori ana ƙiyasta masa dannawa kusan 100,000. Mai ɗaukar hoto 1,000 a biki, biki biyu a mako, cikin shekara guda ya cinye wannan, ga kuma abin da mai ita na farko ya ci. 600D ma tun 2011 ta fito. Ranar da ka ga Err 30, shotan ne ya gaji. Don haka ba na goyon bayan ka sayar ka tattara kuɗin a kan babba guda ɗaya. Gyara wannan, ka ƙaro ta biyu daga cikin huɗun nan, batiri ɗaya suke ci, lensi ɗaya suke ɗauka, ka rataya su tare.

TAMBAYA: Malam, hotunan da na ɗauka a hawan Daushe a Bauchi duk da ɗigon baƙi a sararin sama, a wuri ɗaya. Na goge lensi bai fita ba.

AMSA: Ba zai fita ba, ƙurar dawaki ce ta sauka a kan sensa, wato ɗan farantin cikin kyamara da ke karɓar hoto. Sa f/16, wato ka matse ƙofar hasken lensi, ka ɗauki farin bango, za ka ƙirga su. Buɗe sensa ta hanyar da kyamarar ta tanada, batiri a cike, ka hura da 'yar robar hura iska. Ban da baki, ban da bakin riga. In sun ƙi tashi, kai wa mai gyara ya wanke.