Amsa kan yadda ake kafa takardar harbi a nesa a yanayin Legas

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka, inda ka ce ƙungiyarku ta samu izinin yin atisaye da ƙaramar gasa a wani filin harbi na hukuma, an kuma ɗora maka nauyin shirya takardun da za a harba a nisan mita 100 da mita 300, kana son sanin ko ya wadatar ka buga su a shagon kwamfuta ka manna a jikin kwali. Kwali zai yi, shagon kwamfuta ma zai yi wani ɓangare na aikin, amma ba yadda ka kwatanta ba. Na daɗe ina wannan hidima, a layin masu harbi da kuma cikin ramin kariya da masu duba maki ke zama a gindin alluna, kuma abin da na tabbatar shi ne takardar nan ma'auni ce, tamkar sikelin mahauci. Idan ta karkace, ko ta kumbura, ko girmanta ya sauya, za ta ba mai harbi labarin ƙarya, shi kuma ya koma yana zargin bindigarsa ko hannunsa alhali ba su da laifi.

Kafin ka taɓa takarda, fara duba abin da ke bayanta. Dokar bindigogi ta 1959 ita ce har yau take tafiyar da sha'anin lasisi a ƙasar nan, kuma tun da filin na hukuma ne, maganar jami'in da ke kula da shi ita ce ta ƙarshe a kan inda za a kafa allo da lokacin da za a je gabansa. Duk da haka, kai ma ka kwanta a gurbin mai harbi ka duba da idonka, ka tabbatar cewa layin da ya tashi daga bakin bindiga ya ratsa takarda zai ƙare ne a tsakiyar tudun ƙasar da ke tare harsashi, ba a samansa ba, ba kuma a dandaryar ƙasa kafin a kai gare shi ba. Ƙaramin harsashin nan mai kaurin inci .22 yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi, mai kaurin milimita 7.62 kuwa yana kai wa kusan kilomita huɗu. Saboda haka idan za ku harba a mita 100 a filin da tsawonsa ya kai 300, masu harbi ne za su matso gaba, alluna su zauna a gindin tudu. Kada kuma wani ya ba ku shawarar zuwa bakin ruwa wajen Epe ko Badagry da sunan babu kowa, domin harsashi yana tsalle a kan ruwa, ga kuma masunta a cikin kwale-kwale waɗanda ido ba ya kai wa gare su.

Game da girma, kada ka ƙirƙiro naka. Hukumar wasan harbi ta duniya, wato ISSF, ta tsayar da awo. A takardar mita 300, da'irar maki goma faɗinta santimita 10 ne, baƙin da ake saita bindiga a kansa santimita 60, da'irar waje mai maki ɗaya kuma mita ɗaya cif, sannan takardar gaba ɗaya ana son ta kai mita 1.3 a kowane gefe.  

Takardar da ta kai mita 1.3 ta fi ƙarfin shagon kwamfuta, domin ko A0, wadda ita ce babbar da aka saba gani, faɗinta santimita 84 ne da ɗoriya. Je ka Shomolu wurin masu ɗab'i, ka riƙe rula a hannunka. Abin da ya fi ɓata aiki shi ne injin yakan rage ko ya ƙara girman zane don ya cika takarda, mai bugawa bai sani ba, don haka ka sa a buga guda ɗaya tak, ka auna da'irar goma da baƙin a tsaye da kuma a kwance, sai awon ya fita daidai sannan a buga sauran. Za su yi ta lallashinka ka karɓi fileks, irin ledar da ake buga tallace-tallace da hotunan 'yan siyasa, su ce ruwa ba ya yi mata komai. Gaskiya ne, amma ba ta dace ba. Tana sheƙi a rana, tana miƙewa idan an ja ta, kuma ramin harsashi yakan tsuke a jikinta har a kasa gane inda gefensa ya tsaya. Nemi takarda mai ɗan kauri marar ƙyalli, fara mai ɗan duhu, da tawadar da ba ta zuba idan ta jiƙe.

Firam ɗin allon da za a manna takardar a kai na katako mai laushi ne zalla. A kasuwar katako ta Amu da ke Mushin za a yanka maka yadda kake so. Kada a sa ƙarfe ko bututu, ƙusoshi kuma su tsaya a kusurwoyi, nesa da inda harsashi ke bi. A fuskarsa a shimfiɗa kwali mai kauri ko buhun algarara da aka ja sosai. Nan ne danshin Legas ke nuna halinsa. Takardar da aka maƙala da fil a kusurwa huɗu da safe, kafin hantsi ta sha laima ta yi ciki, iskar da ke tasowa daga teku ta riƙa kaɗa ta, harsashi kuma ya yage ta maimakon ya huda ta rami mai kyau. Mu manna ta muke yi gaba ɗaya. Ana dama sitacin rogo da ruwan zafi ya yi kaurin koko, a bar shi ya huce, a shafa shi siriri a jikin kwalin, ba a jikin takardar ba. Mutum biyu su riƙe takardar ta gefe, na uku ya fara dannawa daga tsakiyar baƙin da busasshen tsumma yana sharewa zuwa waje, har iskar da ta maƙale ta fita. Kada a ja ta, domin jiƙaƙƙiyar takarda tana miƙewa, da'ira ta koma kamar an matse ta. A yi wannan kwana guda kafin harbi, a busar da su a inuwa a kwance, a sake aunawa bayan sun bushe, sannan a rufe su a cikin babbar leda, saboda kyankyasai suna son sitaci ƙwarai kuma dare ɗaya ya ishe su cinye gefen takarda.

Da an kafa allo, sai a tabbatar ya tsaya a miƙe. Lebur irin na magina zai yi, amma na fi yarda da igiya da aka ɗaura wa ɗan nauyi aka sake ta a gaban takarda. Wannan ba ƙawa ba ce. Mai harbi yakan daidaita layukan madubin bindigarsa da gefen allo ba tare da ya lura ba, idan kuwa allon ya jirkice shi ma zai jirkita bindiga, harsashinsa ya riƙa zamewa gefe, kuma zamewar tana ƙaruwa gwargwadon nisa. Fuskar allon ta kalli mai harbi kai tsaye, a tokare shi ta baya da katako, a danne ƙafafunsa da buhunan yashi.

Nisa kuma a auna shi da tef ko na'urar awon nisa, daga layin harbi zuwa fuskar takarda, ba da taku ba. Ka tambaya ko alamomin da ke filin na mita ne ko na yadi, domin yadi 100 mita 91.44 ne. Ana auna motsin saitin madubin bindiga da ma'aunan kusurwa biyu, mil da MOA: madubin da ke motsawa kashi ɗaya cikin goma na mil a kowace murɗawa yana gusar da harsashi santimita ɗaya a mita 100, mai rubu'in MOA kuma kimanin milimita bakwai. Wanda ya yi lissafinsa a kan mita alhali yadi yake harbawa, zai kai kuskuren nan har mita 300 bai san daga ina ya fito ba.

Littattafan Turai suna cewa fili ya fuskanci arewa don rana ta kasance a bayan mai harbi. Legas tana kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, rana tana bi ta arewacinmu daga Afrilu zuwa farkon Satumba, don haka abin kiyayewa a nan shi ne kada a harba gabas da safe ko yamma da la'asar. A fara da wuri, kafin kawalwalniya ta tashi ta riƙa rawa da baƙin takarda. A kafa tutocin iska a gefen fili, a kuma rubuta wa kowane allo babbar lamba a samansa, wannan baƙa a kan fari, na kusa da shi fara a kan baƙi, domin a mita 300 harbin allon maƙwabci abu ne mai sauƙin faruwa.

A nisan nan ba a cika ganin ramin harsashi a cikin baƙi ko da madubi ba. Idan filin yana da rami mai kariya, masu duba maki suna sauke allo bayan kowane harbi, su soka ɗan faifai a sabon ramin, fari a kan baƙi ko baƙi a kan fari, su liƙe tsohon da guntun takarda mai launin wurin, sannan su ɗaga. Haka aka saba yi a Bisley ta Ingila, inda ake gasa tun 1890. Idan babu irin wannan rami, babu mai zuwa gaban allo sai an sauke harsasai, an buɗe bindigogi an ajiye, jami'in fili ya ba da umarni. Ƙa'idar maki ita ce ramin da ya taɓa layi yana samun maki na sama, kuma kada kowa ya sa yatsa ko biro a rami kafin alƙali ya gama dubawa. Ina ba da shawarar a rataya farar takarda a bayan kowane allo da tazarar rabin mita zuwa mita ɗaya, domin ita ce ke raba gardama idan wani harsashi ya shigo daga gefe.

A mita 100 kana iya rage takardar 300 zuwa sulusi, baƙin ya zama santimita 20. Ido zai ga abu iri ɗaya, amma ka gaya wa 'yan ƙungiyarku kada su ruɗu da makin da za su samu, saboda ramin harsashi ba ya raguwa tare da da'ira, iska kuma ba ta samun lokacin tura harsashi kamar yadda take yi a 300. A kan kowace takarda a rubuta suna da rana da nisa da irin harsashi tun kafin a kafa ta, alƙali da mai harbi su sa hannu bayan an ƙirga. Ka kuma tanadi ƙarin alluna da aka riga aka manna, aƙalla ɗaya ga kowane gurbi, a ajiye su a ƙarƙashin rumfa, domin idan gasarku ta faɗo a Yuni ko Yuli, takardar da ruwa ya daka ba a ƙirga maki a kanta, sai dai a sauya ta a sake zagayen.