Mujallar wasannin tebur: ta takarda ko ta cikin waya? Amsa daga wanda ya taɓa ƙonewa

Assalamu alaikum. Malam, tambayarka ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ka ce kuɗin da ke hannunka na rajistar shekara ɗaya ne kawai, kana kuma tunanin ko ka biya mujallar White Dwarf ta takarda a riƙa aiko maka daga Ingila, ko ka koma wa mujallun da ake karantawa a waya tunda sun fi araha. Ni ma na tsaya a wannan mararraba, na bi hanyar araha ba tare da na yi tambayar da ta kamata ba, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci.

Kusan shekara uku ina biyan kuɗin wata mujallar wasanni ta cikin wata manhajar karatu, ba zan ambaci sunan kamfanin ba. Na tara fitowa sama da talatin, ina ganinsu jere a kwamfutar hannuna ina jin cewa nawa ne. Da bankunanmu suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata a 2022, daga baya kuma da yawansu suka rufe ƙofar gaba ɗaya, sai sabunta rajistata ya ƙi tafiya. Ban damu ba, domin a zatona sababbin fitowa kaɗai zan rasa. Wata ranar Asabar da yamma mutum biyar suna zaune a falona, mun kai mako na huɗu a wani labarin wasa da nake jagoranta daga ɗaya daga cikin fitowar, an shimfiɗa taswira, an dafa shayi, na buɗe manhajar na tarar da kwaɗo a kan kowace fitowa, har da ta farkon da na saya. Ɗaya daga cikin baƙin tun daga wata unguwa mai nisa ya hau babur ya zo. Na yi ta latse-latse ina gumi, suna kallona, a ƙarshe na ƙirƙiro sauran labarin da ka, ya fito a hargitse, kowa ya gane. Wannan ɗan'uwan bai sake zuwa ba sai bayan wata biyu.

Na rubuta wa kamfanin wasiƙa huɗu. Biyu na'ura ce ta amsa, ta uku aka turo mini sharuɗɗan da na amince da su tun farko, inda aka rubuta da ƙananan haruffa cewa izinin karantawa na saya muddin rajista tana raye, ta huɗu kuwa ko amsa ban samu ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban ƙi biya ba, kuɗina yana cikin asusu, hanyar isar da shi ce ta toshe, na kuma bayyana musu haka dalla-dalla, amma babu wanda ya ga dacewar ya buɗe mini ko da fitowar da na riga na biya kuɗinta.

Saboda haka, kafin ka kwatanta farashi, ka fara bincika ko fayil za a ba ka ka sauke ka ajiye, ko kuwa leƙe kawai za a bar ka ka yi ta taga. Waɗannan biyun duka ana kiransu mujallar intanet, amma tsakaninsu akwai tazarar da ke tsakanin mai gida da ɗan haya. Mujallar Pyramid ta kamfanin Steve Jackson Games, wadda ta fara a takarda a 1993 ta koma intanet a 1998, daga 2008 ta riƙa fitowa a matsayin PDF da mutum zai sauke, kuma irin wannan ba ni da wata ƙorafi a kansa, domin wanda na saya yana nan a ma'ajiya biyu, ko da wuta ko babu. Rumbun tsofaffin White Dwarf da ke cikin Warhammer+, dandalin intanet na kamfanin da ke buga mujallar, wanda aka buɗe a 2021, yana da tarin abin karantawa, amma tsarinsa na rajista ne, ranar da ka daina biya ranar za ka daina shiga. Ka dubi mujallar Dragon ma: ta fito a takarda daga 1976 har fitowa ta 359 a 2007, ta koma intanet zuwa ƙarshen 2013, aka kawo magajiyarta ta intanet, Dragon+, a 2015 aka dakatar da ita a 2022. Tsofaffin na takarda har yanzu ana saye da sayar da su hannu da hannu.

Kada ka ɗauka ina wanke takarda ne. Sau da yawa kuɗin aikowa yana kamo kuɗin mujallar ko ya wuce shi, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 lissafin fam ya zama abin da sai ka zauna kafin ka yi shi. Takan iso a makare, wani lokaci a lanƙwashe, wata fitowar kuma ta ɓace a hanya. Na taɓa barin kwali guda a ƙasan gado damina ɗaya, danshi ya manne shafuka, gara ta ƙarasa sauran. Wannan laifina ne, shi ya sa bai dame ni kamar na farko ba.

Ka kuma tambayi kanka me kake nema a ciki. Idan dokokin wasa ne, suna tsufa da sauri: wasan yaƙi na tebur mai suna Warhammer 40,000 ya yi bugu na tara a 2020, na goma a 2023, don haka jadawalin da ka biya jirgi ya kawo maka zai iya zama tarihi cikin shekara uku, a nan fayil ya fi, ga shi kana iya neman kalma ɗaya cikin ɗaruruwan shafuka, ka kai shafi biyun da kake bukata shago a buga maka. Idan kuwa fentin ƙananan mutum-mutumi ne ya ja ka, ni takarda nake zaɓa, saboda launi a fuskar waya yana sauyawa da hasken da ka sa mata, kuma ba ka son taɓa gilashi da yatsa mai fenti. Akwai kuma waɗanda ba su da madadi: mujallar Strategy & Tactics tana zuwa da cikakken wasa, taswira da ƙananan alamomin kwali, Wargames Illustrated kuma takan haɗo da sojojin roba, waɗannan babu fayil ɗin da zai ba ka su.

Da ni ne kai, ba zan zuba kuɗin shekara guda a wuri ɗaya ba. Zan sayi fitowa ɗaiɗaiku na PDF da zan iya saukewa, sauran kuɗin kuma in haɗa da mutum biyu ko uku mu zaɓi fitowar takarda da ta cancanta, mu roƙi wani mai dawowa daga Ingila ya saƙo mana a jaka, mu riƙa karɓa-karɓa. Haka muke yi yanzu, kuma littafin da muke rubuta sunan wanda ya ara yana hannuna, domin aro ma yana cin mujalla kamar gara. Idan ta iso, ka sa ta a robar da ke da murfi, ka ɗora a saman kabad. Labarin nan da ya tsinke mana a mako na huɗu kuwa, na samo fitowarsa ta takarda a hannun wani bayan shekara guda, na karanta ƙarshensa ni kaɗai, ashe ya fi wanda na ƙirƙira nesa ba kusa ba.