Amsa ga mai tambaya kan sayen mota a Yamai

Malam, ka tambaya ko dole ne ka sayi mota tunda aiki ya kawo ka unguwar Plateau. A ganina ba dole ba ne, muddin ka samu gidan haya kusa, domin kuɗin mai da na makanike za su haɗiye rangwamen hayar unguwannin nesa. Wanda ke zaune a unguwar Harobanda kuwa, a tsallaken Kogin Neja, ko da mota sai ya sha cunkoson Gadar Kennedy kowace safiya.

Tafiyar ƙafa tana da wahalarta: yashi ya cinye gefen titi, zafin Afrilu kuma yakan wuce digiri 40. Saboda haka ka fita da sassafe, in rana ta take ka tsayar da tasi.